Baba a Ɗaki na Huɗu

Litinin, 1 ga Satumba

Sun ɗauki fim ɗina. Saƙon ya shigo ina tsakiyar tace tallar sabulu a wurin aiki, na karanta shi sau uku, na koma kan kumfata. Bikin finafinan gwaji ne, kwana shida, a tsohon siton nan na bayan tashar mota. Shekara huɗu ina tura musu aiki suna maido mini da "mun gode da sha'awarki". Yau da suka ce e, sai na kasa murna.

Na Baba suka ɗauka. Da ma na san shi za su ɗauka.

Laraba, 3 ga Satumba

Bari in rubuta abin da ke cikinsa, ko a takarda ne in faɗi gaskiya sau ɗaya.

Minti goma sha tara ne, ɗauka guda, kyamara a kan ƙafarta ba ta motsi. Baba zaune a bakin gado, watan Fabrairu, lokacin da ciwon mantuwa ya gama cinye shi. Shekara arba'in ya yi yana guga a shagonsa, to kai ya manta amma hannu bai manta ba. Yana shimfiɗa zanen gado a cinyarsa, ya lashi yatsa ya taɓa dutsen gugar da babu shi don ya ji zafi, ya goge, ya ninke, ya warware, ya sake. A minti na sha ɗaya ya ɗago kai ya dubi wajen da nake. Ya ce, "Auta, ke ce?" Ya jira. Ya sake faɗa. Sau uku. Sannan ya koma kan gugarsa.

Ina tsaye a bayan kyamara, tsakanina da shi bai fi taku biyu ba. Ban amsa ba. Ba na son muryata ta shiga ɗaukar. Dalilin ke nan, babu wani. A makarantar fim an koya mana mai ɗauka ba ya tari, ba ya nishi, kuma duk ajinmu babu wanda ya kai ni iya wannan. Na ce a raina bari hoton ya cika, in na kashe sai in amsa. Da na kashe ya riga ya tafi inda yake tafiya, yana kallona kamar mai karatun mita. Bayan kwana tara ya rasu, bai ƙara kiran kowa ba.

Ranar Mama ta je asibiti karɓo magani. Ba ta taɓa ganin fim ɗin ba. Har yanzu in an yi baƙi takan ce, "Kowa ya ɓace masa ban da Auta. Ita kam ta samu rabonta." Ni kuma in sunkuyar da kai, su ɗauka kunya ce.

Alhamis, 4 ga Satumba

Na je ganin mai tsara bikin. Mai Tabarau ake ce mata, don tabarau biyu gare ta, ɗaya a ido ɗaya a ka, kuma kullum tana neman na uku. Ta rungume ni kamar mun san juna. Ta ce shirun nan na bayan kiran shi ne fim ɗin gaba ɗaya, ba ta taɓa ganin wanda ya riƙe shiru haka ba. Na ce na gode. Me zan ce?

Ba a babban zaure za a nuna shi ba. Ɗaki za a ba shi, na huɗu, da benci ɗaya. Zai yi ta zagayawa daga goma na safe zuwa shida na yamma, yana ƙarewa ya koma farko, mutum ya shiga lokacin da ya ga dama ya fita lokacin da ya gaji. Haka ake yi wa irin waɗannan ayyukan. Ta roƙe ni in haɗe bakin ƙarshe da na farko yadda ba za a gane gaɓar ba. Abu mai sauƙi, yana ninke zanen a ƙarshe, yana warware shi a farko.

A mota na yi lissafin da bai kamata in yi ba. Sau ashirin da biyar a rana. Kira saba'in da biyar ke nan kowace rana.

Lahadi, 7 ga Satumba

Yaya ta ga sanarwar bikin a waya. Hoton hannun Baba ne a kan zanen, ta gane shi da tabon ƙunar nan na babban yatsa. Ta zo gidan Mama bayan azahar, ta same ni a kicin, ta rufe ƙofa. Ta ce sai ta gani. Na buɗe mata kwamfuta a kan firij.

Ta kalla a tsaye, hannu a ƙugu. Minti goman farko tana ta tsaki, wai wannan ne fim, ba kiɗa ba labari. Da aka zo wurin sai tsakin ya tsaya. Ba ta bari ya kai na uku ba ta rufe kwamfutar.

"Kina ina lokacin?"

Na nuna mata da hannu, kamar daga nan zuwa murhu.

Abin da ta faɗa bayan nan ba duka zan rubuta ba. Akwai "ni da nake wanke shi bai san ni ba, ke da ya sani kin tsaya ɗaukar hoto." Akwai "wannan ba boko ba ne, rashin imani ne." A ƙarshe ta ce ko in janye shi, ko in tabbata Mama ba ta taka wurin ba, don abin da matar nan ta riƙe tun Fabrairu ke nan, cewa ya tafi yana da mutum ɗaya da yake kira ana amsa masa.

Muna fitowa muka tarar da Mama a falo ta fito da atamfarta ta fita unguwa tana duba ko ta yamutse. Maƙwabciya ta riga ta nuna mata sanarwar. Ta ce, "Ashe babanku sai bayan ransa zai shiga silima." Tana dariya.

Talata, 9 ga Satumba

Na gwada yanke wurin. Minti ɗaya da rabi kawai, daga ɗago kai zuwa sunkuyarwa. Na kalli abin da ya rage: wani tsoho yana shafa zanen gado. Babu komai a ciki. Ko ni da na haifi fim ɗin ba zan zauna masa ba.

Na mayar. Karo na biyu ke nan da na zaɓi fim ɗin, kuma wannan karon ba zan ce ban sani ba.

Alhamis, 11 ga Satumba

Ranar kafa kaya. An yanka siton ɗaki-ɗaki da katako da baƙin yadi, ko'ina warin fenti da ƙurar siminti. A ɗaki na ɗaya famfo ne yake ɗiga na tsawon awa guda. A na biyu wani ya kankare fim da allura, sai farin zane ke ta tsalle a allo. Na uku wata ce ta ɗaura kyamara a wuyan akuya. Da can irin waɗannan suke sa jinina ya motsa. Yau ji na yi kamar na shigo ɗakin jiran likita.

Mai kula da na'urori dattijo ne, Injiniya ake kiransa. Shekara ashirin yana harba majigi a gidan silima kafin a mai da wurin shagunan waya. Ya ɗaura majigin, ya gwada lasifika, ya zauna a benci muka kalla tare don a daidaita sauti. Ya ce a zamaninsu in allo ya yi shiru haka, takalma ne za su fara sauka a kansa. Da aka zo wurin ya ƙara sautin kaɗan, ya kasa kunne.

"Autar nan da yake kira, ba ta nan ne?"

Na ce, "Ba ta nan."

Ya ce, "Allah sarki." Ya ci gaba da naɗe wayarsa.

Juma'a, 12 ga Satumba

Na ce wa Mama wurin ba na manya ba ne, duhu ne, ga wayoyi a ƙasa, ga hayaniyar tasha. Ta ce, "Duhu? Ni da na shekara biyu ina lalubo babanku a duhu in ya tashi neman shagonsa?" Na ce to ai fim ɗin ba wani abin kirki ba ne. Ta dube ni ta ce tun ina ƙarama in na ce abu ba na kirki ba ne, to na fi son sa da komai.

Mai kaza a aljihu. Ko cokali ya faɗi sai gabana ya faɗi.

Asabar, 13 ga Satumba

An buɗe. Mutane sun zo fiye da zatona, yawancinsu mun san juna, mu ne masu yi mu ne masu kallo. Na tsaya a bakin labulen ɗaki na huɗu da kati a wuya ina lura. Galibi minti biyu suke yi. Su leƙa, su karkata kai, su karanta takardar bango, su wuce wurin akuya. Wasu ’yan mata biyu sun ɗauki kansu hoto da Baba a bayansu. Wani mai rubutu a jarida ya ce mini aikin yana tambayar ma'anar kasancewa. Na ce haka ne.

Mama ba ta zo ba. Yaya ta ƙirƙiro mata rakiya awon ido, ta riƙe ta har yamma. Na ji sanyi a raina, sannan na ji kunyar sanyin.

Lahadi, 14 ga Satumba

Ranar wanka.

Ina zaune a kan dandamali da wasu mutum uku, ana tattaunawa a kan "lokaci a fim", ina cikin faɗin wata magana mai tsawo da ni ma ban san inda za ta sauka ba, sai na ga Injiniya a gefe yana yafito ni. Ya ce wata dattijuwa tana ɗakina awa biyu ke nan, kuma ta hana mutane fita.

Ita kaɗai ta zo. Motar haya biyu ta hau, tana nuna wa direbobi sanarwar a wayar maƙwabciya da ta ara. Na ɗaga labule na same ta a tsakiyar benci cikin atamfar nan, jaka a cinya. Mutum biyar a tsaye jikin bango kamar ɗaliban da aka tsare. Wani saurayi ya motsa zai fita, ta ce masa a hankali, "Ɗana, ba a tashi babba yana magana. Bari ya gama." Ya koma ya jingina.

Na sallame su da hannu. Na zauna a ƙarshen bencin. Ba ta juyo ba.

"Yaushe zai gama?"

Na ce ba ya gamawa, zagayawa yake yi.

"Na ga kamar ya ninke wannan zanen ɗazu." Idonta na kan allo. "Ke kika yi shi haka?"

Na ce e, haka ake yi.

Sai ga minti na sha ɗaya. Ban taɓa jin sa da babbar lasifika kusa da mutum ba. Muryar ta cika ɗakin, har ɗan karkarwar da ke ƙarshen "ce" ana ji. Ɗaya. Biyu. Uku. Ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Na farko da na ji, na ce ƙila kin fita ɗebo masa ruwa kin bar na'urar. Na biyu ma haka na ce. Sai na lura da idonsa. Babanku ba ya kallon bango haka." Sannan ta juyo. "Kina ɗakin?"

Na ce ina ɗakin.

Na jira ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce wani abu. Ta gyara jakarta kawai ta mai da ido kan allo. Ta zauna har shida, sai da Injiniya ya kashe. A mota sai da muka zo kwanar gida ta ce in tsaya ta sayi omo.

Litinin, 15 ga Satumba

Tana yi mini magana. "Ga shayi." "Rufe taga." "An kawo wuta." Da ta daina gaba ɗaya da ya fi mini sauƙi. Tun jiya ba ta ce Auta ba, "ke" take cewa.

Yaya ta kira, na ƙi ɗauka. Ta turo saƙo: hankalinki ya kwanta?

Tara da rabi na fito wanka na tarar Mama ta fita. Na san inda ta je.

Talata, 16 ga Satumba

Ta sake zuwa. Ni ban iya shiga ba, na wuni a ɗakin famfo.

Laraba, 17 ga Satumba

Injiniya ya ba ni labari ba tare da na tambaya ba. Kafin ya buɗe ƙofa tana bakin sito. Ya samo mata kujera mai jingina, ta ce bencin ya isa. Tana zuwa da fulas da ƙaramar darduma, in lokacin salla ya yi sai ta roƙe shi ya zauna a wurinta har ta idar, wai kar a bar ɗakin ba kowa. Ta daina tsare mutane. In sun fita a tsakiya sai ta bi su da ido kawai. Ya ce jiya ta gyara masa wani abu: ba zanen gado Baba yake gogewa ba a ransa, babbar riga ce, don daga wuya yake farawa ya bi hannu. Wata bakwai ina kallon hoton nan a kwamfuta, gaba da baya, ban ga haka ba.

Bai ce mini komai a kan "ba ta nan" ba. Ya dai daina kallon idona, ni ma na daina kallon nasa.

Da rana Mai Tabarau ta tare ni a hanya, fuska cike da murna. An gaya mata matar da ke zama a ɗaki na huɗu mahaifiyata ce. Ta ce wannan ai wani sabon aiki ne ya haifi kansa, matar da mijin a allo, sai a kafa kyamara daga baya a ɗauke su tare kafin a rufe gobe, hasken ma ya dace. Ta ce ni ya kamata in ɗauka.

Abin da ya fi ba ni tsoro, kafin ta rufe baki na riga na ga hoton. Na san inda zan kafa ƙafar kyamarar, na san ruwan tabarau da zan sa. Zai yi kyau ƙwarai.

Na ce a'a. Ta ce in yi tunani. Na ce duk wanda ya shiga ɗakin nan da kyamara sai na fasa ta, ko tawa ce. Na faɗa da ƙarfi har masu ɗakin akuya suka leƙo. Shi ke nan, ba za su ƙara gayyata ta ba, kuma ban san ko na damu ba.

A hanyar gida na kasa haƙuri. Na ce, Mama, tunda kina zaune a wurin, me ya sa ba kya amsa masa? Ban san me nake so ta ce ba. Tana kallon titi ta ce, "Ba ni ya kira ba."

Alhamis, 18 ga Satumba

Ranar rufewa. Tun huɗu aka fara kwance wasu ɗakunan, ana jin guduma ta cikin yadi. An ba mai akuya kyauta. An yi tafi.

Shida saura kwata na shiga. Mama ce kaɗai. Na zauna inda na zauna ranar Lahadi. Baba yana bin hannun rigar, yanzu ni ma ina ganin ta. Injiniya ya leƙo ya ce saura kaɗan. Mama ta rufe fulas ɗinta, ta ninke darduma, ta miƙe da ƙyar don gwiwar nan. Kwana biyar ba ta yarda an bar ɗakin ba kowa ba, yau ita ce ta tashi yana tsakiyar aiki. Ta tsaya a kaina ta ce, "Ina waje. Kar ki bar shi shi kaɗai." Na ji tana ce wa Injiniya ya zo ya nuna mata famfon nan da ake ta magana.

Minti na takwas ne lokacin.

An kashe shida da minti biyar. Na kai majigi ofis, na sa hannu, na karɓi takardar shaida. Kaina yana ciwo.

Asabar, 20 ga Satumba

Na koma sito ɗauko lasifikar da na aro daga wurin aiki. An kwashe katakon, ba a ma gane inda ɗaki na huɗu yake, sai alamar ƙafafun benci a ƙura. Injiniya yana naɗe wayoyi. Ya taya ni kai kaya mota. Har na tayar sai ya sunkuyo ta taga ya ce akwai abin da ya ɗaure masa kai: ranar Alhamis, a zagayen ƙarshe, daga bayan yadi ya ji kamar an ƙara sauti a fim ɗin. Kwana shida yana jin sa, ya haddace shi, babu wannan a ciki. Har sau uku.

Na ce masa lasifikar ce, ta tsufa, takan yi haka.

Ya ce, "To. Hajiyarki ma ta ji." Ya buga rufin motar.

Wani biki daga waje sun turo saƙo suna son fim ɗin. Ban buɗe ba tukuna. Yaya har yanzu ba ta neme ni ba. Baba bai ɗago daga gugarsa ba, ba zai ɗago ba, na fi kowa sanin abin da ke cikin minti goma sha taran nan. Ban ce wani abu ya gyaru ba.

Da na shigo gida ina cire takalmi a ƙofa, Mama tana ciki tana shanya. Ta ji motsi. Ta ce, "Auta, ke ce?"

Ban bari ta kai na biyu ba.